Rigar nutson mijina: in yanka ta ko in bar ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a saka min wannan ba tare da sunana ba. Na san mu 'yan Arewa da ke KL, wato Kuala Lumpur, ba mu da yawa, wasu suna karantawa za su gane ni, wanda ya gane ya rufa min asiri. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni da maigidana tare muka zo karatu, shi PhD ni masters, duka a fannin halittun teku, muna zaune a unguwar Taman Melati. Mutanen gida har dariya suke masa, wai mutumin da ko rafi babu a garinsu shi ne ya tsallaka duniya karatun teku. Shi ya koya min nutso da silindar iska a baya, shi ne abokin nutsona duk inda muka shiga. Aikinsa saura mataki ɗaya, zai je Koriya ya ɗebo samfurin ciyawar teku a ruwa mai sanyi kamar na firij. Saboda tafiyar ya sa aka ɗinka masa drysuit, wato rigar nutso ta ruwan sanyi, daidai jikinsa, don dogo ne sosai. Ranar da ta iso a falo ya saka ta, cikin zafin nan na KL, gumi yana zuba yana ta yi min tafiyar 'yan sama jannati, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sau biyu kacal ya shiga ruwa da ita, shi ma a swimming pool wajen koyo. Kafin tafiyar zazzaɓin dengue ya kama shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. A nan aka binne shi, a nan na yi takaba.

Ga laifina na farko. Hajiya mahaifiyarsa ta ce a tattara duk tufafinsa a aika gida, wanda za a raba a raba, wanda za a yi sadaka a yi. Matan nan namu suka zo taya ni haɗa kaya, Allah ya saka musu. Da Maman Ilham, wadda ita ce kamar uwa a gare mu a nan, ta ɗago rigar nan ta tambaye ni, sai kawai na ji bakina ya ce kayan makaranta ne, za a mayar. Ƙarya na yi. Da Hajiya ta kira ta ce an kawo komai ko, na ce mata komai.

Yanzu farfesarmu ta kira ni, ta ce in zan iya zuwa in ɗebo samfurin da ya rage, aikinsa zai fita da sunansa a gaba. Ban ko yi tunani ba na ce zan je. Saura sati shida.

Matsalar kayan da zan shiga ruwan da su ne. Ga waɗanda ba su sani ba, wetsuit roba ce mai kama jiki, ruwa kaɗan yana shiga, ɗumin jikinka ya ɗumama shi. Ita nake sawa a nan, in ɗora doguwar riga a kai don ba na son yadda take fitar da sura. Amma malamin nutsonmu ya faɗa min gaskiya, ya ce a wancan ruwan ko mai kauri na saka, da wannan jikin nawa mara auki, kafin in yi rabin aikin hannuna zai fara rawa, kuma aikin na yanka da sakawa a ƙananan kwalabe ne. Drysuit kuwa ruwa ba ya shiga sam, kana saka kayan ɗumi a ciki, ga sutura. Sai dai dole ta zama daidai kai. In ta yi maka tsawo iska tana taruwa a ƙafafu ta kifa ka, kai ƙasa ƙafa sama, ta cilla ka saman ruwa, kuma wannan yana iya kashe mutum. Na tambayi can inda za mu, babu ta haya daidai ni. Sabuwa kuma kafin a ɗinka a kawo an dawo daga tafiyar.

Shi ne ranar Talata na ɗauki tasa na kai wa wani dattijo ɗan China a unguwar Sentul, mai gyaran kayan nutso, kowa Uncle yake ce masa. Ya auna ni, ya auna rigar, ya ce boleh, wato zai yiwu, zai rage ƙafafu da hannu, ya canza takalman, ya cire robar wuya ya saka ƙarama. Ya ɗauki alli ya ja layi a ƙasan gwiwa. Wallahi ina ganin layin nan sai na ji kamar a jikinsa aka ja. Na fizge rigar na fashe da kuka a shagon mutane. Da kukan ya lafa, bawan Allah ya nuna min robar wuyan, ya ce ta fara danƙo, zafin garin nan yana cinye ta, ko na ajiye ba za ta daɗe haka ba. Ya ce in har zan yi, in kawo kafin Juma'a, don bayan gyara sai na koyi nutso da ita.

Na kasa riƙewa na faɗa wa Maman Ilham gaskiya. Ranta ya ɓaci, ta ce rigar haƙƙin magada ce ba tawa ni kaɗai ba, in na yanka ban tambaya ba na haɗa laifi biyu. Ni kuma cikin zafin rai na ce wa zai saka rigar roba a garinsu, akuya za a ɗaure da ita? Ta ce ba wannan ne zancen ba, kuma na san ta fi ni gaskiya. Tun ranar ba mu yi waya ba. Tsorona shi ne in na faɗa wa Hajiya za ta ce a aiko mata, ba don mugunta ba, ita ma ɗanta ne, duk abin da ya taɓa jikinsa so take ta gani. Kuma za ta san na yi mata ƙarya, matar da har yau 'yata take ce min.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, rigar a bayan ƙofar ɗaki take rataye. Takalmanta suna taɓa ƙasa, kafaɗunta suna daidai inda nasa suke kaiwa. In na dawo daga makaranta ita nake fara yi wa sallama. Na san ba shi ba ne, ban haukace ba, amma duk duniya babu sauran abin da ke da tsawonsa sai ita.

To 'yan uwa ya zan yi? In saka wetsuit in je in jure sanyin, wataƙila in dawo da rabin aiki, wahalarsa ta shekara huɗu ta tafi a banza? Ko in kira Hajiya in faɗi gaskiya, duk abin da ta yanke in ɗauka? Kuma ko ta yafe min ta ce in yanka, wa zai kai min ita Sentul? Ni dai hannuna ba zai iya miƙa ta ba. Wanda ba shi da shawara ya yi masa addu'a.