Kwalbar da Nasiru Ya Duba Mana

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya maiɗakinka da yara, ya kuma ciwon ƙafar nan taka? Mu nan Yelwa mun gode Allah, Inna ma ta samu sauƙi, amma ni hankalina a tashe yake.

Ka san ɗana Nasiru ya gama sakandare bana. To, ƙwari suka shiga bandar kifina, maƙwabciyata ta ba ni wata kwalba ta ce in yayyafa. Na miƙa masa na ce, "Ɗan boko, duba mana, ana sa wannan a abinci?" Ya jujjuya kwalbar yana motsa baki, ya ce, "Ana sawa."

Yaya, ashe maganin feshin shinkafa ne. Muka yi miya da kifin, Inna da ƙananan yara suka dinga amai, sai asibiti. Likita ya nuna mini inda aka rubuta guba, har da Hausa. Da na tsare Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce bai iya haɗa baƙi ba, a jarrabawa ma amsa ake rubuta musu a allo su kwafa.

Rashin karatun bai tsorata ni kamar yadda ya dubi idona ya ƙaga amsa don jin kunya ba. Kuma abokinsa da suka yi kwafin tare, shi ke tsaron kemis ɗin da muke sayen maganin hawan jinin Inna. Tun ranar, duk sanda zan ba ta ƙwaya sai na tsaya ina jujjuya ta, ina tunanin ko maganin da aka rubuta ne ya ba mu.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza