Yayana na so in goge bashin da ni na ci da sunansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na san na yi abin kunya.

Ni ɗan Maraɗi ne, ina aiki a birnin Lyon. Da na zo karatu a 2009, ɗan kawuna ne ya sauke ni a gidansa a Sevran, wani gari mai nisa da Lyon, zan kira shi Yaya Sani. Yana da shago a unguwar Belleville, faransancinsa na ciniki ne kawai, duk takardunsa ni nake karanta masa. Da kuɗin lekol, wato makaranta, suka gagare ni, sai na ɗauki takardunsa na ci kiredi, wato bashin banki, da sunansa, na sa hannu irin nasa, amma lambar wayata na rubuta a takardar. Na biya wata shida, na kasa. Makullin akwatin wasiƙu yana hannuna, duk wasiƙar masu karɓar bashi da ta zo sai in yaga. Sai da na samu aiki na biya saura a ɓoye, na ɗauka magana ta mutu.

Makon jiya ya kira ni, gaisuwa a gajarce. Ya ce ya nemi rance zai faɗaɗa shago, banki suka ce sunansa na cikin jerin waɗanda suka kasa biyan bashi, tsohon abu ne da ya kamata a goge tuntuni. Ya ce, "Ni ban taɓa cin kiredi ba. Kai ka yi boko, zo mu karɓi dosiyen takardun bashin, ka rubuta musu su cire sunana." Na ce ai daga nan ma zan iya rubutawa. Sai ya ce, "Wai ƙane, lambar wayarka ta da, da tara take ƙarewa ko?"

Me ya kawo zancen lambata? Ya riga ya ga dosiyen ne? Tarko yake ɗana mini, ko so yake in faɗa da bakina? Matarsa da muke wasa da ita kullum, jiya na gaishe ta, "lafiya lau" kawai ta ce ta miƙa masa waya. Mutumin da bai taɓa saya mini tikiti ba, ya aiko mini da na jirgin ƙasa, randebun ganawa da banki ranar Litinin.

In na je, za a buɗe takardar a gabansa. In na ƙi, na tona kaina. In na faɗa kuma ashe bai sani ba fa? Me zan yi?