Faifan Mai Kwale-kwale

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Toma, tsohon masinjan ofishinmu, ya tsaya a ƙofar gida da safe. Ya ce Andrawus, abokin aikina na da, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki tun kafin Babbar Sallah, 'ya'yansa za su mayar da shi ƙauye ƙarshen wata. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Abin da ake cewa ke nan.

Da ya tafi na buɗe akwatin ƙarfe. Faifan yana nan cikin ambulan.

Talata, 4 ga Yuli

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba mai tambayata.

A 1997 ina akawu mai buga tafireta, teburin Andrawus yana kallon nawa. Aka kawo kwamfuta guda ɗaya ofis. Wanda ya haɗa ta ya bar mana faifan filofi da wasa a ciki: mai kwale-kwale yana ƙetarar da mutane kogi, yana kauce wa kada da gungumen itace. Da an tashi hutun rana sai mu hau. Wasan yakan ajiye maki goma mafi yawa a kan faifan, kowanne da harufa uku na suna. AND a sama kullum. YAU a ƙasa.

Ranar da takardar rage ma'aikata ta fito da sunana a ciki, ranar na ci 41,200. Ni kaɗai a ɗakin. Na fita na gaya wa Andrawus a baranda, gaban masinjoji. Ya ce, "Ƙarya kake, Ya'u." Ko leƙawa bai yi ya duba ba. Na cire faifan na sa a aljihu, na taho gida Ƙofar Dumi. Ba mu sake magana ba.

Korar ban riƙe shi da ita ba, ba shi ya rubuta sunayen ba. Kalmar nan ce. Shekara ashirin da tara ina aiki ba a taɓa dawo min da takarda don kuskure ba, a ranata ta ƙarshe a kira ni maƙaryaci.

Sai ya gani da idonsa kafin a ɗauke shi.

Alhamis, 6 ga Yuli

Na shiga keke zuwa kasuwar Wunti. Shago huɗu, duk dariya. Wani ma ya ɗauki faifan hoto da wayarsa. A na biyar na samu wata Bayarabiya, Folake, ta kusa shekara hamsin, mai gyaran kwamfuta. Ita ba ta yi dariya ba. Ta juya faifan, ta shinshina.

"Baba, wannan ya girme shagona. Me ke ciki, takardar fili?"

Na ce maki ne.

Ta ce akwai wata tsohuwar kwamfuta a bayan shago, mai ramin filofi, ƙura ta rufe ta. In ta tashi, ta tashi.

Ƙafafuna sun kumbura da na dawo. Ban ci abincin dare ba.

Litinin, 10 ga Yuli

Ta tashi. Folake ta canza mata ƙaramin batir na ciki, ta kawo min ita har gida don shagonta ba wuri. Fara ce da ta koma ruwan ƙwai, irin tamu sak. Da na ji ƙarar nan ta kunnawa sai da na nemi wurin zama.

Ta ce kada in sa faifan. Ramin yana da datti, za ta zo Asabar da abin gogewa, kuma sai ta fara kwafe abin da ke ciki tukuna. Sau uku ta faɗa. "Baba, kar ka taɓa shi. Ka ji ko?" Kamar da yaro take magana.

Talata, 11 ga Yuli

Ba wuta. Na zauna ina kallonta, tana kallona.

Alhamis, 13 ga Yuli

An kawo wuta bayan azahar. Na kunna. Ramin faifan yana wani ƙugi, ƙarfe na cin ƙarfe. Na san wannan kukan. Duk tafiretar da ta yi shi mai take nema. Haka aka koya mana: inji in ya yi kuka, ka goge, ka ɗiga mai. Har yanzu ina da kwalbar, da ɗan burushina.

Na kwance murfin. Na ɗiga a kan sandunan, na ɗiga a ɗan bakin da ke taɓa faifai, don na ga ya bushe. Aiki mai tsabta. Ƙugin ya daina.

Na sa faifan.

Ya juya, ya juya. Sai rubutu ya fito cewa ba ya karantuwa. Na cire. Na ja ƙarfen bakinsa baya, na ga mai ya zana da'ira a jikinsa, da ƙarzuwa fara a tsakiya.

Asabar, 15 ga Yuli

Folake ta ɗaga faifan a hasken taga, ta duba. Sannan: "Miya kake dafawa a ciki, Baba?"

Na ce inji ne, kuma na fi ta sanin inji.

Ta ce shekara ashirin da shida ƙura ba ta kashe shi ba, damina ba ta kashe shi ba, ni na kashe shi da rana ɗaya. Ta tafi da shi za ta gwada wankewa. Ba ta yi alkawari ba.

Da matata Kubura na da rai da ta ɓoye kwalbar man. Ita ta san halina.

Laraba, 19 ga Yuli

Bai wanku ba. Wurin da makin yake shi ne ya ƙarzu.

Juma'a, 21 ga Yuli

Bayan masallaci Folake ta zo da wata tsohuwar laftof. Wai ta samo wasan a intanet, ashe akwai masu tara irin waɗannan tarkace. Ta sa wata manhaja, emuleta take ce mata, mai sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar tsohuwa. Da farko kwale-kwalen yana gudu kamar an koro shi, sai da ta rage saurin injin. Sauti ya ƙi, ta yi ta canza lambobi har ya fito.

Shi ne. Kogin, kadan, har ɗan kiɗan nan mai ban haushi.

Na ce ta buɗe jerin maki. Layi goma, sifili goma. Bai san ni ba.

Ta ce, "Ai fayil ne kawai. In rubuta maka dubu arba'in da ɗaya? Minti biyu. Wa zai sani?"

Sai da na yi tunanin yarda, kuma wannan tunanin ya fi komai ɓata min rai. Na ce a'a. In na kai wa Andrawus wannan, maganarsa ta zama gaskiya ke nan.

Ta bar min laftof ɗin aro.

Asabar, 22 ga Yuli

Na gwada. 600. Kadan farko ke cinye ni.

Litinin, 24 ga Yuli

Na je Yalwa, gidan Andrawus. Ban san dalili ba, tunda ba abin da zan nuna.

'Yarsa ta shigar da ni. Yana kan kujera a falo, ya rame, baki ya karkace, hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. An riga an ɗaure kaya a kwali. Ya kalle ni ya ce, "Akawu. Ka tsufa."

Na ce shi ma ba yaro ba ne.

Na gaya masa komai, har man. Ban rage ba. Ya yi ta dariya da rabin baki har tari ya kama shi, 'yar ta kawo ruwa. "Mai? A kwamfuta? Wallahi ba ka canza ba."

Na ce na ci 41,200, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Ya ce, "Ina shaida?"

Mutum da ƙafa ɗaya a kabari. Na yi zaton zai ce ya yarda, ko don kunya. Ko kuwa ya ce ya manta, in huta. Bai manta ba. Har makinsa ya faɗa min, 38,900, daidai.

Na miƙe zan tafi. Ya nuna laftof ɗin da ke hannuna da haɓa. "Sake ci in gani."

Na ci 850. Shi da hannun hagu 400. Da wurin suna ya fito yatsansa ya kasa samun harufan, ni na buga masa AND. Ko godiya.

Talata, 25 ga Yuli

Mugun tsoho. Haka yake tun muna samari.

Asabar, 29 ga Yuli

Na koma Yalwa. 1,300. Ya ce kadan yanzu ba su da haƙori, na da sun fi zafi. 'Yar ta zuba min tuwo, na ce na ƙoshi, ta ajiye ta fita. Na ci.

A ƙofa ta ce min motar ƙauye ta zo jiya ta koma. Wai ya ce ba inda za shi, akwai maganar da ba a gama ba. Ta tambaye ni wace magana ce. Na ce ta tambayi ubanta.

Alhamis, 3 ga Agusta

2,150 yau. Ya ce saura dubu talatin da tara, in yi sauri, shi ba zai jira har abada ba. Har yanzu bai janye kalmarsa ba, ni ma ban yafe ba.

Folake ta aiko wai akwai wani a Kano da yake iya ceto faifan da ya ƙarzu. Na ce ta bari tukuna, hanya ba kyau da damina.

Gobe zan koma Yalwa bayan Juma'a. Batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, su kuma suna da sola.