Falken da Na Tsamo daga Binuwai

Goggo Hajaratu, ki taimake ni, useni, ina roƙonki, don bakina ya jefa ni cikin rami kuma ranar tonon asiri ta matso.

Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Jalingo, gidana a Majidaɗi. Na yi makaranta har inda ƙarfin babana ya tsaya, sauran ilimin a bakin buhu na same shi. Matata bari in kira ta Abigail. Ba sunanta ba ne, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane kafin ya kai tsakiyar wasiƙar nan. A damunar bana hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, baki ya dawo daidai, ƙafa tana ɗan ja, ido ne dai har yanzu ba ya jure ƙananan rubutu. Likita ya ja ni gefe ya ce magani nasu ne, kwanciyar hankali kuwa aikina ne, kuma in ta sake faɗuwa ba ya ba ni tabbacin za ta tashi. Wai kada ta ji abin tashin hankali. A ƙasar nan fa, Goggo. Na fara da kashe rediyo, na bi da talabijin, na hana ƙanwarta Jennifer shigowa da labarin wanda aka tare a hanya da wanda ya rasu a ƙauye. Da na gama sai gidan ya yi tsit, ashe shirun ya fi rediyo tayar mata da tunani.

Abigail ce ta kawo shawarar in riƙa karanta mata labarin soyayya in na taso kasuwa, amma na zamanin da. Ba ta son wanda saurayi zai kira budurwa a waya, don a wurinta waya in ta yi ƙara to rasuwa ce ko roƙo. Ba ta son mota, ba ta son asibiti, ba ta son jin farashin komai. Lokacin jakuna da kwalekwale take so, wanda mutanen ciki sun gama damuwarsu tuntuni.

Na ɗauka abu ne na yini guda. Na zaga wajen masu littattafai, na tarar da na addu'o'i, da na jarrabawa, da na fassarar mafarki. Wani ya miƙo mini littafin tarihi, wai ai zamanin da nake nema. Na buɗe tsakiya na ga yaƙi, na ƙara gaba na ga ramuwar yaƙin. Ni da Abigail ba yarenmu ɗaya ba, kuma kin san garin nan, da an ce zamanin da, maganar da za ta biyo baya ita ce kakan wa ya kori kakan wa zuwa kan dutse. Auren da na lallaɓa har gemuna ya yi fari ba zan bar littafi ya tayar mini da shi ba. Na mayar masa da kayansa.

Maƙwabciyarmu Uwani mai ɗinki ce ta sa ni a wani guruf na wasaf, inda wata marubuciya ke sako labari kashi-kashi. Labarin wani falke ne mai fataucin gishiri da 'yar wani mai fito a bakin Binuwai, tun kafin zuwan Bature. Farkonsa ba laifi ko kaɗan. Yarinya ta ƙi tsallakar da jakinsa, jaki ya cinye wa babanta hular kaba, saurayi ya yi ta dawowa bakin ruwa da hujjojin da ko yaro ba zai yarda da su ba. Abigail ta yi dariyar da ban ji ba tun kafin ciwon. Da muka je awon jini, nas ta ce ko me muke yi mu ci gaba.

Ga inda na yi wautar da har yau nake jin kunyarta a matsayina na ɗan kasuwa. Ni ba na taya buhu sai na soka masa ƙarfe har ƙasa na ga abin da ke gindi, don na san yadda ake yi wa bakin buhu ado da wake mai kyau a bar ruɓaɓɓe a ciki. Amma sai ga ni na ɗauko labarin da ba shi da gindi ma sam, tunda ita kanta marubuciyar ba ta san ƙarshensa ba.

Wata yamma ina karantawa, idona ya riga bakina sauka ƙasa, sai na ga kwalekwale ya kife, falke ya nutse, an tsinci gawarsa can ƙasan gari. A ƙarƙashin rubutun matan guruf suna ta jera hotunan kuka suna sa wa marubuciya albarka. Na ɗaga kai na ga Abigail tana ɓare gyaɗa tana murmushi, tana jiran a ce an kai gaisuwa gidan mai fito. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na sa tarun wani masunci ya kamo falken da ransa, ya yi aman ruwa, ya tashi yana tambayar ina jakinsa.

Tun daga ranar labari ya rabu biyu. Marubuciya ta haukatar da yarinyar tana yawo bakin kogi, ni na buɗe mata sana'ar suyar kifi. Marubuciya ta sako annoba a garin, ni na sako damina mai albarka. Yanzu wayar riƙe ta kawai nake yi ina goga yatsa a kai, komai daga kaina yake fitowa. Akwai ranar da caji ya ƙare ban ankara ba, na yi ta karanta baƙin gilashi har aka kira sallar magariba a masallacin bayanmu.

Matsalar ita ce kaina kasuwa kawai ya sani. Duk inda na kai masoyan nan sai su ƙare a ciniki. Na zaunar da su gindin tsamiya don ya faɗa mata abin da ke ransa, ban san yadda aka yi ba, sai ga shi ya cinye babin yana koya mata yadda ake gane gishirin da aka yi wa algus da yashi. Na tura shi neman aure, shi da surukinsa suka ɓuge da gardamar la'ada. Abigail ta saurara tsaf, sannan ta ce wannan marubuciya lalle a kasuwa ta tashi, amma da alama ba ta taɓa zama da mace ta ji abin da take so ba. Wani jaki kuma da na sayar a farkon mako ya sake ɓullowa a ƙarshensa, ta tambaya, na ce tagwaye ne.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Uwani ta tafi Yola wajen haihuwar 'yarta, ƙarshen makon nan za ta dawo. Ita ta karanta na gaskiyar, ta yi kukan falken nan kamar ɗan ɗakinsu, kuma bakinta ba shi da murfi. Abigail kuwa ɗokinta ɗaya, Uwani ta dawo su zauna su tattauna bikin falke, wanda na sa shi mako mai zuwa. Har ta aika wa matan zumunta a coci su nemi littafin.

Abu biyu nake roƙo, Goggo. Ina zan samo littafin soyayya na zamanin da, mai sauƙi, kammalalle, wanda ba mai mutuwa a ciki sai wanda tsufa ya ɗauka? Sannan me zan yi kafin Uwani ta sauka daga mota? In roƙe ta ta shiga ƙaryar, ko in nutsar da falken a hankali, ko in faɗi gaskiya? Tsorona mutuwarsa ta tayar da jinin, ko kuma ƙaryata ta tayar da shi. Ni kaina kwanan nan ƙeyata na sara.

Naki, Dillali mai kaya a ka, Majidaɗi, Jalingo.

Malam Dillali, sannu da jinya, Allah ya ƙara wa maiɗakinka lafiya.

Na yi dariya da wasiƙarka, ba zan ɓoye ba, amma na ga mutumin da tsoron rasa matarsa ya mayar marubuci da ƙarfin tsiya, kuma wannan ba abin raini ba ne. Niyyarka mai kyau ce. Ita ma marubuciyar ban ga laifinta ba. Ta san abokan cinikinta, hawaye suke saye, hawaye take sayarwa. Kai ne ka shiga rumfar barkono neman zuma.

Inda ka zarce shi ne, ka yanke wa babbar mace hukuncin cewa ba za ta iya jin mutuwar mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Likita ya ce ta samu kwanciyar hankali, bai ce a mayar da ita jaririya ba. Mara lafiyar da aka rufe wa rediyo da baƙi da labarin dangi takan fara zargin nata ciwon ne ake ɓoye mata, kuma wannan zargin ya fi kowane kwalekwale nauyi. Ku koma wurin likitan tare, a gabanta ka tambaye shi me za ta iya ji, me ba za ta iya ba. Kana can ka miƙa hannunka a auna ka, don saran ƙeyar nan ba na falke ba ne.

Yanzu in gaya maka abin da nake zato. Ba zan rantse ba, amma ina jin Abigail ta sani. Macen da ta tsufa da dillali ta san muryarsa ta karatu, ta san muryarsa ta talla. Waya in ta mutu haskenta yakan bar fuskar mai riƙe da ita, kuma ka ce ƙananan rubutu ne ba ta gani, ba fuskarka ba. Maganar marubuciyar da ba ta taɓa zama da mace ba, ka sake juya ta a ranka ka ga gidan wa aka aika ta. In zatona daidai ne, ba labarin falke ne ke saukar mata da jini ba, kallon mijinta ne yana gumi kullum yamma don ya faranta mata.

Saboda haka kada ka jawo Uwani. Ƙaryar mutum ɗaya ma ta gagare ka kiwo, balle ta biyu. Kada kuma ka nutsar da bawan Allah bayan wahalar da ka sha wajen tsamo shi. Ka riga Uwani magana. Da rana, bayan ta ci abinci ta sha magani, ka ce mata labari biyu ne, na waya ya ɓaci tun a kogi, wanda take ji naka ne. Ka faɗi dalili a taƙaice, ban da doguwar nadama. In ba ta sani ba, za ta ji daga bakin da ya yi don ita, ba daga bakin mai kuka ba. In ta sani, ka shirya shan dariya, har da ta matan zumunta.

Batun littafi, kayan da kake nema suna da ƙaranci, don marubutanmu da yawa gani suke soyayya ba ta yi nauyi ba sai da gawa a ciki. Amma akwai. Ka yi musu yadda kake yi wa buhu. Kada ka karɓi wanda ba a kammala ba. Ka fara da shafukan ƙarshe kai kaɗai, ka ga an ɗaura aure kowa na numfashi, sannan ka leƙa tsakiya. A guruf ka yi tambaya kai tsaye, ka ce kammalalle kake so, mai barkwanci, kuma a gaya maka wa ya mutu. Ka bi gidajen tsofaffin malaman makaranta, da yawansu na da kwalayen littattafai da ba mai buɗewa. Cikinsu za ka samu na Turanci irin na mata masu dogayen riguna, waɗanda babban tashin hankalinsu shi ne wa ya yi rawa da wa. Waɗannan ba za su tayar muku da gardamar kakanni ba, don kakanninsu sun kori na kowa daidai wa daida. Ka riƙa juya mata da Hausa kana tafiya, ka dai rage gyara.

Kafin ka samu, ka tuna zamanin tsohuwar jihar Gongola, lokacin samartakarka, shi ma yanzu tarihi ne. Ba waya, mota sai ranar kasuwa, kuma akwai wani saurayi mai bakin tsiya da ya je neman 'yar mutanen da ba ya jin yarensu. Ka ajiye wayar ka ba ta wannan. Sai dai ka kiyaye harshenka, don wannan karon tana da na asalin, kuma za ta tsayar da kai a duk inda ka ƙara mudu.

Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya sassauta maka ƙeya, ya bar ku tare.

Goggo Hajaratu