Kalma Bakwai da Na Buga wa Malama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Ni dattijo ne, tsohon akawun gidan waya, kuma shawararku nake roƙo don Allah, domin ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a gida.

Abin da na fara gani nata shi ne yatsunta, duk farin alli, ta miƙo takarda ta tagar ofishinmu a Kankiya. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowa na sayen rediyo da keke, ni kuwa albashina a 'yan littattafan soyayya na kasuwa yake ƙarewa. Malamar firamare ce a Kusada, takan zo ranar kasuwa ta aika wa mahaifinta saƙo. Zan kira ta Malama. Shekara guda muna gaisawa ta tagar nan, tana yi mini tsiya wai na fi tangaraho rowar magana. Ba ta san ina rubuta mata wasiƙa ba, shafi goma sha ɗaya, kullum ina gyarawa, don a littattafan da na karanta masoyi ba ya aika wasiƙar da ba ta cika ba.

Sai aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Funtuwa. Wata Laraba takardarta ta iso, ta ce wani malami ya nemi aurenta, mahaifinta ya bar mata zaɓi, ran Juma'a za ta ba da amsa, in ina da magana in yi. Wasiƙa ba za ta isa kafin Juma'a ba, sai dai wayar tangaraho, wadda ake bugawa kalma-kalma. Na zauna na yi lissafi irin namu: hannuna na buga kalma ashirin a minti, wasiƙar kalma dubu da ɗari biyar ce, sa'a ɗaya da kwata ke nan ina riƙe da layin gwamnati. Kuma kowace kalma sai ta bi ta kunnen abokin aikina na Katsina da zai tura ta Funtuwa, mutumin da ba ya riƙe sirri ko na minti ɗaya. Na yi ta yankewa kamar yadda aka koya mana, har na yanke "ina sonki" saboda kunyarsa. Abin da ya tafi shi ne: "Ina gaisuwa, Allah ya zaɓa mafi alheri." Ta auri malamin.

Ni ma na yi aure, mun zauna lafiya da mai ɗakina har Allah ya karɓe ta. 'Ya'ya sun watse birane. Yanzu ina ƙauyen Kaikai ni kaɗai, da 'yar gonata da akwatin da wasiƙar ke ciki.

Watan jiya wata mata ta kira ni, ta ce ita ɗiyar Malama ce, ta sha wahala kafin ta samo lambata. Mahaifinsu ya rasu da daɗewa, Malama kuma tana kwance a Zariya, ɓarin jikinta ya shanye. Wai ta ce a nemo mata akawun Kankiya, tana son ta ga fuskarsa, ta kuma ji ko har yanzu kalma bakwai ce iyakarsa. Ƙafata ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba. Sai na jingina waya da buta, na ɗauki bidiyon kaina ina karanta wasiƙar gaba ɗaya. Megabait ɗari uku ya kama.

Wayata ta nuna gudun sabis ɗinmu ɗari biyu ne a daƙiƙa, na lissafa minti ashirin da biyar. Na zauna gindin darbejiya daga hantsi har azahar, bai kai ƙarshe ba ya katse. Mai gyaran waya a Kankiya ya yi mini dariya, ya ce Baba ai gudun sabis da kilobit ake auna shi, bidiyo kuwa da bait, sai ka raba da takwas. Ashe sa'a uku da minti ashirin nake buƙata. Ya gwada nasa, megabit huɗu, wato rabin megabait a daƙiƙa. Ya ce kawo, minti goma ya tafi. Na ce masa na manta wani abu a gida, na hau mota na dawo.

Gaskiyar ita ce ba sabis ne ya hana ni ba. Malama ba ta iya riƙe waya, ɗiyarta ce za ta riƙe mata, za ta ji wani tsoho yana gaya wa uwarta abin da ko mahaifinta ƙila bai taɓa faɗa a gabansu ba. Yau ma akwai kunnen wani a kan layi. Har na ɗauki wani gajere, gaisuwa da addu'a, wanda ko daga Kaikai zai tafi.

Jiya ɗiyar ta sake kira, ta ce jikin ya ƙara nauyi, magana ma da ƙyar. Amma da aka ambaci sunana sai Malama ta ɗaga hannun da ke motsi, ta ƙirga yatsu biyar, ta ƙara biyu, ta girgiza kai.

Gobe akwai motar Kankiya da safe. Ku gaya mini, 'yan uwa, dogon zan aika ko gajeren?