Saƙon da na goge a jawwal

Da sunan Allah. Ni Ummulkhairi, 'yar shekara sha bakwai, ina rubutu da hankalina cikakke, duk da Umma kan ce littattafan soyayya sun kwashe rabinsa. Ran Talata za a yi mini aikin zuciya. Likita ya ce mu sa rai, amma rai na Allah ne. Zuwa gare ku Lujain da Zinariya, ƙannena da na goya har nake kiran ku 'ya'yana, da kai Yaya Muttaka, wanda ban iya kallon idonsa ba shekara guda ke nan.

Na ɗaya. Littattafaina na ƙarƙashin katifa na Lujain ne. Ki karanta, amma kada ki yarda da su duka. A cikinsu duk wanda ya tafi yana dawowa. Ni ban yarda ba, kuma ban yi daidai ba.

Na biyu. Lambar azurfar da ke rataye a gadona a mayar wa Yaya. Ku yara ba ku san yadda aka same ta ba. Tun yana sakandare yake tura tsofaffin alhazai a keken guragu tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai, ya sauke wannan ya ɗauki wancan. Can ƙafafunsa suka yi ƙarfi. Da ya shiga jami'a a Jidda sai ya zama ba a san inda za a ajiye shi ba: yana tseren mita ɗari takwas, wanda a nan ya ci lambar, yana dogon tsalle, ran Alhamis kuma yana tsaron gida a ƙwallon hannu. Duk da haka kowace Juma'a yana dawowa Makka ya goya ni, ya hau da ni matakala sittin da uku zuwa gidanmu, tunda zuciyata ba ta barina in hau, yana tsokanata wai na fi buhun shinkafa nauyi.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. Yaya, bara da jawwal ɗinka, wato wayarka, ya fashe ka ba Koci Ma'aruf lambata. Saƙo ya shigo ina tsakiyar karatu: an zaɓe ka sansanin horo a Riyad, ka je ran Asabar. Na karanta sau uku. Ban tuna gudunka ba, matakala na tuna. Na ce wa zai hau da ni? Sai na goge. Wallahi yatsa ɗaya ne, khalas, shi ke nan.

Ka jira, ka zaci an watsar da kai. Ka kira Koci maƙaryaci a gaban 'yan wasansa da ya ce ya aiko. Ka rataye takalmanka, ka koma lodin motocin alhazai a tashar Kudai. Ni kuwa ina bayanka kowace Juma'a, ina jin numfashinka, bakina a rufe.

Na huɗu. Zinariya, ke ce mai baki a gidan nan. Ki sa Umma ta raka Yaya wurin Koci Ma'aruf da takardar nan. Mutumin bai yi ƙarya ba. A ba shi haƙuri da sunana.

Na biyar. Bayan Hajji za a sake zaɓe, kuma bana ce shekararka ta ƙarshe a rukunin ɗalibai. Takalman suna saman kwaba, na goge su. Ko na farka ko ban farka ba, ka tafi. Kada wani ya ce ka zauna saboda ni.

Ban ce dole ka yafe ba, Yaya. Roƙo nake.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe Umma, ku ci abinci a faranti ɗaya ko kuna fushi. In Allah ya tashe ni, zan hau matakalar da ƙafata. Na ƙirga, akwai wurin hutawa a ta ashirin da ta arba'in da ɗaya.