Azarar da Baba Ya Ɗora

Zuwa ga yayana Crescencio,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Teófila da yara, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin can arewa. Mu nan kan dutse kalau muke. Masara ta tsiro, maƙwabciyarmu Lupita ta yaye ɗanta.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka tuna babbar azarar ɗakin girki da Baba ya ɗora kafin rasuwarsa? Ƙarfinsa ya riga ya ƙare a lokacin, bai iya sare ɗanyen itacen ensino a ƙarshen wata ya ɓare ɓawon kamar yadda aka saba ba. Busasshe ya samu a tsaye cikin daji, ya ɗora shi da ɓawonsa. Yau sati uku ke nan garin itace na zuba mana cikin ƙullu. Da tsakar rana, in ɗaki ya yi shiru, sai ka ji ƙurus-ƙurus daga sama. Makon jiya wani ƙwaro mai ƙaho biyu da suka fi jikinsa tsawo ya fito daga rami ya faɗo gefen murhu. Kawu Hilario ya soka wuƙa a jikin azarar, ta shige har ƙota. Ya ce tsutsotsin ƙwaron sun cinye cikinta, kuma in ruwa ya jiƙa rufin, nauyin zai karya ta.

Maza takwas sun zo gayyar sauke azarar ranar Asabar, Mama ta tare ƙofa da muciya. Ta ce wa Kawu tun shi Kawun yana yawo ba wando mijinta ke ɗora rufi, ya je ya koya wa kaji aikin kafinta. Ta ce aikin hannun Baba na ƙarshe ba mai sauke shi sai da bakin ɗansa na fari. Har gadonta ta jawo ƙarƙashin azarar.

Tsoro nake ji, Yaya, hadari kullum sai ƙara haɗuwa yake. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Jiya na ɗauko tabarmata na shimfiɗa kusa da gadonta, ba kuma zan ɗauke ba sai amsarka ta iso. Ka rubuto mata da hannunka cewa a sauke azarar, ta san rubutunka.

Ka gaida Teófila, da Nicanor, da ƙaramar Remedios. Kawu Hilario na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Eufrosina